Daga Akwatin Talabijin Zuwa Allon Sinima: Wa Ya Iya Fim Ɗin Soyayya da Barkwanci?

Malam Habu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wata magana da nake so mu baje ta a faifai. A Amurka, jarumin talabijin in ya yi suna yana neman shiga sinima, ƙofar da aka fi buɗe masa ita ce fim ɗin soyayya mai barkwanci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: irin fim ɗin ba ya cin kuɗi, babu tashin bama-bamai, babu aikin kwamfuta, mutum biyu ne da ɗaki da titi da gidan cin abinci. To amma ku dubi 'yan Friends, shirin barkwancin nan na talabijin. Shirin ya fara a 1994, kafin shekara uku ta cika David Schwimmer ya yi The Pallbearer a 1996, Matthew Perry ya yi Fools Rush In a 1997, Jennifer Aniston ta yi Picture Perfect a wannan shekarar. Su uku, shiri ɗaya, farin jini ɗaya, amma Aniston ce kaɗai ta zauna daram a wannan fagen. Me ya bambanta su? Ni dai ina zargin shirun da suka saba yi bayan sun saki abin dariya.

Zainab: Wa alaikumus salam, Malam. Wane shiru kuma? A yi mana bayani.

Malam Habu: To ƙanwata. Irin su Friends a gaban 'yan kallo ake ɗaukar su, mutane na zaune a kan benci cikin situdiyo, kyamara huɗu na aiki lokaci guda. Kwana huɗu ana karatu da gwaji, a rana ta biyar a ɗauka. Kashi ɗaya kusan minti 22 ne in an cire talla. Jarumi na sakin maganar dariya sai ɗaki ya ɗauka, dole ya tsaya ya jira daƙiƙa biyu ko uku, wani lokaci fiye, kafin ya ci gaba, in ba haka ba dariya ta haɗiye maganarsa ta gaba. Kuma ba ya tsayawa ƙiƙam, sai ya cike wurin da wani abu: ɗaga gira, zare ido, juya kai. Mutumin da ya yi shekaru yana wannan, abin ya shiga jininsa. A wurin ɗaukar fim kuwa tsit kake ji, ma'aikata ma ba su da izinin yin tari. Ya saki maganar, ya jira dariyar da ba za ta zo ba, ya ɗaga gira, ga fuskarsa ta cika allon da ya fi bangon gida girma. Abin da yake daidai a ƙaramin akwati sai ya koma zaƙewa.

Yaya Nura: Malam, na yarda akwai wannan, amma ai aikin mai tace hoto ne ya yanke shi. Da kyamara ɗaya ake ɗaukar fim, ko biyu. Fitowa ɗaya sai a ɗauke ta daga nesa su biyu tare, a dawo ta bayan kafaɗar wannan, a koma ta bayan kafaɗar wancan, sannan fuska kurkusa, kowanne sau biyar ko fiye. Da wannan tarin a hannu, cire shirun daƙiƙa biyu ba wahala ba ne: ka yanka zuwa fuskar abokin magana, ka jawo sautin maganar gaba ya hau kan hoton, shi ke nan. Inda abin yake gagara shi ne in darakta ya ɗauki su biyun cikin hoto guda bai yi na kurkusa ba, a nan babu wurin ɓuya. Don haka ni ban ɗora laifin a kan jarumi ba. Matsalar lokaci ce. Shirin da ke yin kashi 22 zuwa 24 a zango hutunsa bai wuce wata uku zuwa huɗu ba, daga bazara zuwa tsakiyar shekara. Fim ɗin da ya shirya ɗauka a cikin wannan ratar shi za ka karɓa, ko rubutunsa ya nuna ko bai nuna ba. Wanda ba shi da zaɓi ba a ce masa bai iya zaɓe ba.

Hajiya Rabi: Nura, maganarka tana kan hanya, sai dai George Clooney ma a irin wannan matsin ya yi One Fine Day a 1996 yana tsaka da shirin talabijin na ER, kuma fim ɗin yana kalluwa har yau. Ku bar batun kyamara tukuna, ku dubi rubutu. Schwimmer a The Pallbearer me aka ba shi? Saurayi mai sanyin jiki, mai in-ina in ya ga mace, wanda aka roƙa ya ɗauki gawar abokin karatun da bai ma tuna shi ba. Ai Ross ne, wanda yake fitowa a matsayinsa a Friends, aka sauya wa suna. Perry a Fools Rush In, ɗan New York da aka tura Las Vegas aikin ginin gidan rawa, bakinsa bai daina zolaya ba, wato Chandler ɗinsa na Friends. To mutum yana samun Ross da Chandler kyauta a falonsa duk ranar Alhamis, don me zai fita ya sayi tikiti? Furodusa ya ɗauka yana sayen masoyan shirin ne, alhali masoyan sun riga sun ƙoshi.

Zainab: Hajiya, ni fa ban yarda a haɗa Fools Rush In da The Pallbearer a kwando ɗaya ba. A wurin Perry akwai abin da ya yi aiki, kuma abokiyar fitowarsa Salma Hayek ce sila. Duk inda ya kawo zolaya ba ta dariya, kallonsa kawai take yi, sai zolayar ta mutu a bakinsa ya koma magana ta gaskiya. Ku kalli wurin da ta kai shi cin abinci gidan iyayenta, dangi sun cika tebur, kowa na magana, shi kaɗai ne baƙo. Rabin lokacin ba shi da ta cewa, ido kawai yake rarrabawa, kuma a nan ya fi kyau. Rauninsa a Three to Tango na 1999 da Serving Sara na 2002 ya fito, inda aka sake masa linzami ya yi ta surutu babu mai taka masa birki.

Hajiya Rabi: Na karɓi wannan gyaran, 'yata. Ai ya ma ƙarfafa abin da nake cewa: wa aka tsayar a gabansa, kuma an rubuta mata haƙƙin ƙin yin dariya?

Auwal: Ina bin ku a hankali. Amma Aniston ɗin da Malam ya ce ta zauna, ai ita ma Rachel ɗinta ta Friends ta yi ta maimaitawa. Me ya sa nata bai ƙone ba?

Malam Habu: Ba a dare ɗaya ta zauna ba, Auwal. Picture Perfect bai yi wani tasiri ba, kuma ciwon da Hajiya ta faɗa ne: ma'aikaciyar kamfanin talla da ta ƙirƙiro saurayin ƙarya don a ƙara mata matsayi, duk nauyin fim ɗin a wuyanta. The Object of My Affection na 1998 da Paul Rudd ya fi shi zurfi nesa ba kusa ba. Abin da ta yi bayan nan shi ne dabara: ta daina ɗaukar fim ita kaɗai, ta riƙa tsayawa kusa da ɗan barkwancin da ya riga ya mallaki masu sayen tikiti. Jim Carrey a Bruce Almighty na 2003, Ben Stiller a Along Came Polly na 2004, Vince Vaughn a The Break-Up na 2006, Adam Sandler a Just Go with It na 2011. Su ne masu jifa, ita ce mai cafewa. Kuma a Friends ma gwanintarta ke nan, martani.

Ku duba rigimar lemon tsami a The Break-Up. Ta ce ya sayo 12 don ta ƙawata tebur baƙi za su zo, ya kawo uku. Bayan baƙi sun watse ya zube a kujera da wasan bidiyo, kwanuka na jira a kicin. Vaughn na zuba kamar an kunna rediyo, kalma na bin kalma. Ita kuwa tana tsaye tana mayar masa da martani, har ta kai inda take nuna masa ba wankin kwanon ne damuwarta ba, so take ya so taimaka mata da kansa. Babu ɗaga gira ko ɗaya a wurin nan, babu jiran tafi. Da a situdiyon talabijin ne, da an saka abin dariya duk bayan layi uku don kada 'yan kallo su yi sanyi. Darakta Peyton Reed ya bar faɗan ya yi zafi har ya daina ban dariya. Fim ɗin ya haura dala miliyan 200 a duniya, duk da cewa a ƙarshe ba su koma tare ba, gaisawa kawai suka yi a titi kowa ya kama gabansa.

Yaya Nura: To ga wadda za ta rushe maka ginin, Malam: Katherine Heigl. Grey's Anatomy ba a gaban 'yan kallo ake yin sa ba, yadda ake ɗaukar fim haka ake ɗaukarsa, kashi ɗaya na minti 42 ko 43 cikin kwana takwas ko tara. Ba ta taɓa koyon jiran dariya ba. Ta ci Emmy, lambar yabon talabijin, a 2007, a shekarar Knocked Up ya fito ya haura miliyan 200, 27 Dresses ya biyo a 2008 da kasafin kusan miliyan 30 ya tara kusan 160, The Ugly Truth a 2009 shi ma ya haura 200. Babu wanda ya shigo da ƙarfi haka. Amma zuwa ƙarshen 2010, bayan Killers da Life as We Know It, kasuwarta ta fara sanyi. Ina shirun yake a nan?

Malam Habu: Babu shi, ka kama ni a nan. Nata daban ne.

Hajiya Rabi: Nata maimaici ne, kuma ba daga talabijin ta kwaso shi ba, sinimar ce ta ɗinka mata riga ɗaya ta hana ta cirewa. Daga 2008 zuwa 2010 fim huɗu, mace ɗaya: mai tsari, mai jerin abubuwan yi a takarda, mai ɗaure fuska, sai a kawo namiji mara tsari ya koya mata sakin jiki. Biyu daga ciki ma, The Ugly Truth da Killers, darakta ɗaya ne, Robert Luketic. A talabijin maimaita hali shi ne jari, mai kallo yana dawowa ne don ya tarar da mutumin da ya bari makon jiya. A fim kuwa an yi alkawari cikin minti 100 mutum zai sauya. In ta sauya a 27 Dresses, ta koyi cewa a'a bayan ta yi ƙawar amarya sau 27, sannan baɗi ka gan ta ta koma gidan jiya da wani suna, mai kallo zai ji an yi masa wayo. Kuma ku lura 27 Dresses ya fi sauran ne don marubuciyarsa Aline Brosh McKenna ta ba matar ciwo na gaske: mutumin da take so a ɓoye, maigidanta a wurin aiki, ƙanwarta zai aura, kuma ita aka ɗora wa shirya bikin. Ana dariya amma akwai abin da ke ci mata rai. A The Ugly Truth me ke ci mata rai? Babu, an dai ce tana da tsanani.

Baba Idi: Yara, kun yi ta zagaye kun bar wadda ta fi kowa. Helen Hunt tana cikin Mad About You, shirin da ake yi a gaban 'yan kallo, ta yi As Good as It Gets a 1997 da Jack Nicholson. A 1998 ta ɗauki Oscar, ta kuma ɗauki Emmy a shekara guda. Ku tambayi wa ya ba da umarni: James L. Brooks, mutumin da ya fito daga The Mary Tyler Moore Show da Taxi. Ya san halin ɗan talabijin ciki da bai, ya san abin da zai riƙe da abin da zai zubar. Akwai wuri a gidan abincin da take aiki, inda Nicholson ya yi maganar banza a kan ɗanta mai ciwon asma. Kyamara ta tsaya a kan fuskarta. Ba ta yi ihu ba, ta daskare, sannan ta matso ta yi masa kashedi da ƙaramar murya cewa in ya sake ambaton yaron ba zai ƙara cin abinci a wurin ba. Shirun da Habu ke kira aibi shi ne Brooks ya juya ya zama makami. Jarumin barkwancin talabijin ya san tsawon daƙiƙa uku a jikinsa, ba ya tsoron tsayawa. Abin da ake buƙata shi ne mai gaya masa ya tsaya ba tare da ya yi wa kowa alama ba.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ron Howard ɗan talabijin ne, shi ya ɗauko Tom Hanks bayan Bosom Buddies ya sa shi a Splash a 1984. Rob Reiner daga All in the Family ya fito, shi ya yi When Harry Met Sally a 1989 da Billy Crystal da Meg Ryan, dukansu sun taka talabijin. Judd Apatow ma, daraktan Knocked Up, da shirin talabijin na Freaks and Geeks ya tara yaransa.

Auwal: Allah ya ƙara girma, Baba. Sai dai Hunt ta yi Twister a 1996, kuma tun tana yarinya take gaban kyamara. Ba baƙuwar sinima ba ce kamar Schwimmer.

Baba Idi: Gaskiyarka, ɗana, a rage mata maki a nan. Amma maganar darakta tana nan. A Indiya ma haka ta faru. Shah Rukh Khan daga Fauji da Circus na Doordarshan, gidan talabijin na gwamnatin Indiya, ya fito a 1989. Aziz Mirza da Kundan Shah, waɗanda suka yi Circus, su ne suka yi masa Raju Ban Gaya Gentleman a 1992 da Kabhi Haan Kabhi Naa a 1994. Sun san rawar kansa da saurin bakinsa, sai suka gina labarin a kai, a na biyun ma suka ba shi saurayin da ke ƙarya yana faɗuwa jarrabawa, har ya rasa yarinyar.

Yaya Nura: Baba, da girmamawa, darakta ma ba layar tsari ba ne. Andy Tennant shi ya yi Fools Rush In, shi ya yi Hitch da Will Smith a 2005 wanda ya yi kasuwa sosai, shi kuma ya yi The Bounty Hunter a 2010 da Aniston da Gerard Butler wanda masu sharhi suka yi wa ca. Hannu ɗaya, sakamako uku.

Zainab: Gwajin da ya fi tsafta shi ne na 2011, don kusan komai iri ɗaya ne. Ashton Kutcher da Mila Kunis duk 'yan That '70s Show ne, shekara takwas shirin ya yi daga 1998. A Janairu Kutcher ya fito a No Strings Attached da Natalie Portman, a Yuli Kunis ta fito a Friends with Benefits da Justin Timberlake. Jigo ɗaya: abokai biyu sun yi yarjejeniyar kada soyayya ta shiga tsakaninsu, ta kuma shiga. Kuɗin da suka tara ma kusan ɗaya, wajen dala miliyan 150 kowanne. Bambancin a gudu yake. Darakta Will Gluck ya sa Kunis da Timberlake suna hawa kan maganar juna, kafin wannan ya rufe baki wancan ya fara, babu ko ramin da jiran dariya zai samu ya zauna. Ivan Reitman, daraktan fim ɗin Kutcher, kuwa ya bar nasa yana tafiya a hankali, kuma Kutcher in aka ba shi sarari murmushi yake cike shi da shi, murmushin da ba ya gaya maka komai sabo. Portman ce ke ɗauke da ciwon labarin, shi yana gefe yana jira ta gama.

Hajiya Rabi: Ni na fi tausaya wa Kutcher a nan. An rubuta masa mutumin da tun minti 20 na farko ya san abin da yake so, bai da inda zai je. Ko wa ka saka a wurin haka zai tsaya. Kunis an ba ta uwa mara riƙon amana da tsoron a yi watsi da ita, Timberlake an ba shi uba mai cutar mantuwa. Kowannensu yana da dalilin gudu. Fim ɗin soyayya da mutum ɗaya ne kawai ke da dalilin gudu, ƙafa ɗaya gare shi.

Auwal: To yanzu fa? Na ga kamar katangar da ke tsakanin talabijin da sinima ta faɗi. Sydney Sweeney daga Euphoria ta yi Anyone but You a ƙarshen 2023.

Yaya Nura: Ta faɗi kam. Shirye-shiryen yanzu kashi takwas ko goma ne a zango, ana ɗaukar su da kyamara da haske irin na sinima, don haka jarumi yana da sararin zaɓar fim kuma ba ya buƙatar sake koyon tsayuwa gaban kyamara. Anyone but You ma Will Gluck ɗin ne dai ya yi shi, a Ostiraliya, da kasafin kusan miliyan 25, ya haura miliyan 200. Constance Wu daga Fresh Off the Boat ta yi Crazy Rich Asians a 2018, kasafi kusan miliyan 30, ya haura 230. Amma a riƙa lissafi da kyau: gidajen sinima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, kuɗin talla kuma daban yake da kasafin ɗauka. Fim ɗin miliyan 30 da ya tara 60 bai ci riba ba tukuna. Shi ya sa da yawa irinsu yanzu kai tsaye ake kai su Netflix, ba a biyawa ta sinima.

Malam Habu: Sweeney matsalarta kishiyar ta Perry ce. Ta fito daga wasan kuka da tashin hankali, inda ake magana ƙasa-ƙasa ana jan kalma. Barkwanci kuwa yana son a dira a kan kalmar ƙarshe da ƙarfi. A wasu wurare za ka ji ƙarshen layinta ya narke, abokin fitowarta Glen Powell ne ke ɗaga shi. Inda ta fi haskawa wuraren da jiki ke aiki ne ba baki ba, kamar abin da ya faru cikin jirgin sama da rigarta ta maƙale a kujerarsa yana barci.

Zainab: Malam, wanda yake so ya gani da idonsa, da wanne zai fara?

Malam Habu: Ki ɗauki kashi ɗaya na Friends daga zango na uku, ki zaɓi wurin da Aniston ke faɗa da Schwimmer, sannan ki ɗauki rigimar lemon tsamin nan. Kallo na farko da sauti: duk inda aka saki abin dariya ki ƙirga daƙiƙa nawa kafin magana ta gaba. Kallo na biyu ki kashe sautin gaba ɗaya, kada ki kalli mai magana, ki kalli mai sauraro kawai, gira da kafaɗa da hannu. Sai ki maimaita da Perry, Friends a gefe, Serving Sara a gefe. In hoton ya yanke daga fuskarsa da zarar ya rufe baki, kusan kullum, to mai tacewa ne ke ɓoye abin da Nura ya faɗa.

Baba Idi: Ki ƙara da Forgetting Sarah Marshall na 2008, ki kalli wurin cin abincin dare da su huɗun suka zauna tebur ɗaya a otal. Jason Segel, Kristen Bell da Kunis duk daga talabijin suka zo, kuma Segel ne ya rubuta labarin da hannunsa. Ki lura da wanda ya ba layukan da suka fi ban dariya a teburin, da abin da shi yake yi da fuskarsa lokacin da ake faɗinsu.